Motar Sulken Da Baba Bai Gama Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, tsohon sojan da duk gidan benen nan ke kira Baba Saje. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. An yi masa sutura a ranar bayan la'asar. Ya bar 'ya'ya uku da jikoki, ya bar ni, ya kuma bar wata 'yar motar sulke a kan teburin ɗakinsa, wadda ba ta fi tafin hannuna biyu ba, ƙafafunta a nutse cikin laka.

Baba, tsawon zamanmu ban taɓa ce maka "kai" ba, sai "ku". Yau da takarda ce tsakaninmu, ka yafe mini, zan yi maka magana kamar yadda 'ya take yi wa ubanta.

Ba zan manta ranar da na zama taka ba. Ban daɗe da tarewa ba a lokacin. Gidanmu a hawa na huɗu yake, tagoginsa duk da ƙarafa, ƙofar shiga kuma biyu ce, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje. Tun kafin aurenmu ɓarayi suka shiga wa wani maƙwabci da rana tsaka, daga nan ɗanka ya ɗauki ɗabi'ar kulle ƙofar ƙarfen ta waje idan zai tafi masana'antar da yake aiki, ya jefa makullin a aljihu, sai bayan magariba. Kai ba ka sauka dama, tunda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da kai a keke, benen kuma matakala ce kawai. Ni kuwa amarya ce, ban san kowa a garin ba. Sai muka zama mu biyu a sama, ina kunyarka, kana kunyata, in ajiye maka abinci a bakin ƙofa in gudu.

Na share gidan har ya gaji da ni. Na karance littattafan soyayyar da na zo da su, na sake komawa kansu. Ran nan bayan azahar na ji kana minshari, sai na ce bari in yi abin kirki in gyara maka ɗaki. A kan teburinka na tarar da faffaɗan katako, a kansa an gina wata 'yar duniya: gaɓar kogi, guntun itace a kwance, 'yan sojoji na roba kowanne bai kai ɗan yatsana ba, a tsakiya kuma motar yaƙi mai ƙafa takwas. Amma dattin da ke jikinta ya tayar mini da hankali. Laka har wuya, tsatsa a kowace kusurwa, ƙura a saman murfi. Na ce a raina, wayyo, tsoho ba shi da mai kula masa da kaya. Na ɗauko tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu, na zauna na dirje ta tas, har koren fentinta yana ƙyalli.

Ina cikin goge ta da tsumma na ji muryarka a bayana.

"Amarya, me motar nan ta yi miki?"

Na durƙusa na ce, "Baba, datti na ga ta yi, na ce bari in wanke muku."

Ka dubi motar, ka dube ni. Sannan ka ce, "Dattin nan, 'yata, wata biyu na yi ina saka shi da hannu ɗaya." Sai ka fashe da dariya, kana yi kana tari, hawaye na bin kuncinka. Da ka lafa ka ce, "A soja wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Jawo kujera."

Daga wannan kujerar ban sake tashi ba, sai da ka tashi ka bar ni.

Kai ka koya mini cewa laka ma tana da ilimi. Mu goga alli mai launi a jikin samfefa ya zama gari, mu tankaɗe ƙasar tukunyar fure da matacin shayi, mu kwaɓa da gam da ɗan ruwa. Wadda ke kusa da ƙafafun mota duhu gare ta, don ɗanya ce. Wadda ta fantsama sama ta bushe, sai a yi ta da haske. Tsatsa ba a ko'ina take ba, sai inda ruwa ke kwana. Kowane abu a kan katakon an rage girmansa sau talatin da biyar, don haka idan na ɗora tsakuwa sai ka sa rula ka ce, "Wannan dutsen naki ya fi gida." Busasshen ganyen shayi shi ne ganyen da ya zuba a ƙasa. Gashin tsohon burushin fenti shi ne ciyawa, muna dasa shi ɗaiɗai da hantsaki. Hannunka na dama ya san komai amma ba shi da abokin riƙo, nawa biyu lafiyarsu ƙalau amma ba su san komai ba. Ka ce idan aka haɗa mu an samu soja ɗaya cikakke. Ranar da na mayar da lakar yadda take, ka duba da gilashinka mai ƙara girma, ka ƙara mini girma ni ma. Daga ranar na tashi daga Amarya na koma Kofur.

Sojan farko da ka ba ni in yi wa fenti, na ɗauki yini guda a kan fuskarsa. Na yi masa manyan idanu da gashin ido, da siririn gashin baki, irin jaruman littattafaina. Ka juya shi a tsinin hantsaki ka ce, "Kofur, wannan biki za shi ko yaƙi?" Ka nuna mini cewa a wannan ƙanƙantar ba a zana wa mutum ido, inuwa kawai ake sa masa a gurbin, don ko a zahiri mai aiki cikin rana runtse ido yake yi. Amma ba ka goge nawa ba. Ka tsayar da shi a bayan mota ka ce kowace runduna tana da ɗan gayu ɗaya da ba ya taɓa shebur.

Idan muna jiran gam ya bushe, ni nake karanta maka littafi. Ka ce ba ka son tatsuniyar yara, amma idan na tsaya sai ka ce, "To, sai me ya faru?" Tambayoyinka ne suke ɓata mini labari. "Wannan saurayin ba ya zuwa aiki ne?" "Motocin nan nasa shida, wa ke duba musu mai?" Ina jin haushi ina dariya. Ban taɓa samun wanda ya saurari abin da nake so ba tare da ya ce in girma ba, sai kai.

Sai da muka yi nisa ka gaya mini abin da muke ginawa. Kai ne direban motar. Da damina ce, gaɓar kogi ta zabtare da ku, motar ta karkace ta nutse, itace ya faɗo ya danne murfin sama. Sauran sun samu fita, kai ka rage a ciki tun daga safiyar ranar har wayewar gari, cikin zafi da warin mai, ruwa yana tasowa a hankali ta ƙasa. Sojojin da ke kan katakon su ne suka tono ka: masu shebur, mai sanda ta ƙarfe a saman mota, da wani da ya kwanta rub da ciki cikin laka, bakinsa a 'yar tsagar da direba ke leƙe ta ciki. Ka ce wannan bai yi tono ba ko sau ɗaya. Aikinsa kawai ya yi ta ba ka labaran ƙarya don kada ka yi barci, kuma a cikinsu duka shi ka fi bin kabarinsa da addu'a. Shi ka ba ni in yi wa fenti, ka ce ya dace da mai karatun labari.

Cikin motar ma sai da muka yi masa fenti: kujeru, sitiyari, 'yan agogon gaban direba, da direban kansa a zaune. Na ce, "Baba, wa zai ga wannan idan kun rufe?" Ka ce, "Ni na san yana ciki."

A gabana ka yi wa ɗanka maganar makulli, ba sau ɗaya ba. Ka ce, "Ka yanka wa yarinyar nan nata." Ya ce, "Baba, garin nan babu amana. Abin da nake so nake kullewa." Ka ce, "Ni ma don gwamnati tana sona ta saka ni cikin ƙarfe." Ya yi dariya, ya ce ƙarshen mako zai je wurin mai yankan makulli. Ƙarshen makon ya yi ta zuwa yana wucewa. Ni kuwa ban taya ka ba. A littattafaina, namijin da ba ya son ko iska ta taɓa matarsa shi ne gwarzo, don haka idan na ji ƙarar kwaɗon nan da safe, nakan gaya wa kaina ƙarar so ce. Da rana kuma in tsaya a taga, goshina a jikin ƙarfe, ina kallon kawunan mutane suna wucewa a ƙasa ƙanana kamar sojojinmu. Kana ganina sai ka ce, "Kofur, zo ki riƙe mini nan."

Ranar Larabar muna manna hannun mai sandar ƙarfe ne, hantsakin ya faɗi daga yatsunka. Na ɗauko na miƙa maka, sai na ga bakinka ya karkace, kanka ya langaɓe. Na kira wayar ɗanka, ba ta shiga, don a wurin aikinsu ajiye wayoyi ake yi a akwati kafin a shiga ɗakin injuna. Na buɗe ƙofar katako na kama ta ƙarfen ina jijjigawa ina ihu. Matar tela ta hawa na uku ita ta fara hayowa. Ta zuro hannu ta cikin ragar ta riƙe nawa, iyakar abin da za ta iya ke nan. Mijinta ya ruga ya kira mai walda daga bakin titi, wani ya tsayar da mota a ƙasa. Na turo kekenka har bakin ƙofa, na sauko da kai na tallafe kanka. Mutane cike da matakala suna kallonmu muna kallonsu, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba.

Da mai walda ya kunna injinsa, tartsatsi ya fara zuba, ka buɗe ido. Da ƙyar na gane abin da kake faɗa. Ka ce, "Kofur, kar ki ji tsoro. Ana tono." Daga nan na yi ta maimaita maka kalmar shahada kana bina, har muryarka ta ɗauke. Ƙofar ta buɗe bayan ka riga ka tafi.

Likita ya ce irin wannan bugun jinin, ko a gadon asibiti ya samu mutum ba lalle ya tashi ba. Na yarda. Ajali ba ya jiran makulli, kuma ban rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Na ga yadda ɗanka ya durƙushe a kan matakalar nan, na ga yadda ya rame. Allah ne shaida, mutumin kirki ka haifa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tsoronsa ƙaruwa ya yi. Kafin masu gaisuwa su gama watsewa an kafa sabuwar ƙofa, ta fi ta da kauri. Ranar da ya koma aiki ya tsaya ya dube ni ta cikin ragar ya ce, "Ke kaɗai kika rage mini a gidan nan." Ya murɗa kwaɗo ya sauka. Na tsaya ina jin takunsa har ya ɓace, babu kuma wanda zai ce in zo in riƙe masa wani abu.

'Ya'yanka mata sun so su raba wa jikoki sojojin su yi wasa. Na roƙi Yaya Babba ta bar mini, ta ce, "Ɗauki, ai ke kika san kansu." Allah Ya saka mata. Kullum ina zama a kujerata, taka a gefe babu kowa. Saura kaɗan aikin ya kammala, amma fenti ruwan ƙasa ya ƙare, kwalbar ta bushe ƙaf. Ka taɓa kwatanta mini shagon da ake sayarwa, bayan kantin magani, kusa da mai gyaran agogo. Tun da aka kawo ni ban taɓa taka titin da ƙafata ni kaɗai ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, don ya sha ƙunci a duniya bai yi ƙorafi ba. Ka haskaka makwancinsa, Ka sada shi da abokansa da suka riga shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana, da Yaya Babba, da Anti Ƙarama, da jikokinsa duka, da tsofaffin abokan aikinsa da suka hawo benen nan da sandunansu don su yi mana gaisuwa. Ina godiya ga tela da matarsa, da mai walda da ya ƙone hannunsa yana sauri. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya bayan mun ci abinci na gaya wa ɗanka shawarar da na yanke, cikin ladabi, ban ɗaga murya ba. Ya dai sunkuyar da kai. Gobe da safe idan zai fita zan riga shi tsayawa a bakin ƙofa da mayafina. Ko ya ba ni makulli a hannuna, ko mu sauka tare. Ba za a sake kulle ƙofar nan ina ciki ba.