Gurbin Liman a Cocin 'Yan Reluwe

Lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba, Kaka Dije kan hura wutar karan dawa a tsakar gidanmu na Ƙauran Namoda, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyin Gizo muke so, amma takan ƙare da labari guda wanda ni na tsana: yadda mijinta, kakanmu Magini Ɗan Zurmi, ya gina coci.

"Ku matso ku jiya, wanga ba tatsuniya ba ce," in ji ta.

Wai da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, baƙin ma'aikatan reluwe suka nemi mai gina musu ɗakin ibada. Kakanmu ya ɗora tubali, ya yi rufin ɗaurin guga da azara, ya sa indararo, ya shafe bangon da makuba har yana sheƙi. To shi bawan Allah, ɗakin ibada iri ɗaya ya sani a duniya. Sai ya fuskantar da ginin alƙibla, ya kuma fitar da gurbin liman a bangon gabas!

Nan Kaka kan yi dariya har da tari. "Fastonsu ya tsaya shina kallo. Kakanku ya ce, 'Malam, in kuskure na yi, in rushe.' Ya ce a'a, a bar shi. Nan ciki suka kafa gicciyensu."

Daga ranar kakanmu ya yi alkawari: duk shekara kafin damina, yaɓen bangon gabas na gidanmu ne, tunda hannunsa ne ya jawo. Bayan rasuwarsa babu wanda ya sake zuwa. Kaka takan dubi iyayenmu maza ta ce, "Ruwa na tahe, bangon ubanku hwa?" Su yi kamar ba su ji ba. Ni kuwa a makaranta "jikan mai coci" ake kirana, har addu'a nake ginin ya faɗi in huta.

Bara ruwa ya tare ni a unguwar tasha, na fake a ƙofar cocin. Jirgi ya daɗe da daina zuwa, masu ibadar ma sun ragu. Wani dattijo mai share wurin ya ƙura mini ido, ya tambayi gidanmu. Da na faɗa, sai ya saki tsintsiya ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, sannu da zuwa! Na san za ku zo."

Ya ja ni ciki. Bango uku an shafe su da siminti. Na gabas kuwa yana nan da jar ƙasarsa, ya tsage tun daga sama, an tokare gurbin da itace, ruwa na bin gefen gicciyen.

"Matasa sun so su shafe shi," in ji shi. "Na hana. Na ce wannan na gidan Magini ne, ba a taɓa wa mutum alkawarinsa."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Yana ta yi mini godiya, ni da ruwa ne kawai ya koro ni. Sai ya tambaye ni yaushe za a kawo ƙasa, don ya jiƙa makuba.

Na ce Asabar. Ban iya gaya masa cewa a duk zuriyar Magini babu sauran wanda ya iya kwaɓa ƙasa ba.