Bindigar da Malam Anya Bai Saya Ba

Mahaifina bai taɓa sayen abu ya bar shagon da murmushi ba. Ko ashana ce sai ya girgiza kwalin a kunnensa, ya dubi mai shago ta gefen ido, ya ce, "Anya kuwa?" Daga nan sunan ya bi shi. A layinmu da wurin aikinsa ba mai kiransa da wani suna sai Malam Anya. Umma kan ce ranar da aka haife ni ma sai da ya ƙirga yatsuna sau biyu, sannan ya tambayi ungozoma ko ta tabbata ba a yi musanya ba. Ni dai ban gani da idona ba, amma ban taɓa ƙaryata ta ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wani babban sito na hatsi da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Aikinsa tantabaru da ɓeraye. Ba a sa guba inda abincin mutane yake, ba a kuma harba bindigar wuta a ƙarƙashin rufin kwano, don haka bindigar iska ce kayan aikinsa. Tantabarun kan shigo ta tagogin sama, su jeru a kan ƙarafan rufi, su yi ta kashi a kan buhuna, kuma duk buhun da suka ɓata masu duba lafiyar abinci ba sa barin ya fita. Baba kan sauko da tsuntsu daga ƙarfe ba tare da ya taɓa kwanon da ke bayansa ba. A duk shekarun nan bai huda rufin ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne kaɗai abin da na san yana alfahari da shi a fili.

Yana da tsarinsa. Harsashin bindigar iska ɗan mitsitsin dalma ne, bai kai ƙwayar wake ba, amma Baba bai yarda da abin da kamfani ya rubuta a kan gwangwani ba. Ya sayi ɗan sikeli a wurin wani mai ƙera zobba, ya riƙa auna su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, yana ware masu nauyi daga marasa nauyi, Umma tana tsaki daga kicin. Duk safiyar Asabar sai ya kafa farar takarda mai baƙin ɗigo a jikin buhun yashi a bayan gida, ya harba biyar, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya jefa takardar cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Ya ce bindiga kan yi ƙarya kamar mutum, sai dai ita takarda tana kama ta. Yayyena maza biyu ba su da haƙurin wannan, don haka ni auta ya koya wa tun ina shekara goma sha biyu: yadda ake kwantar da kunci, yadda ake fitar da rabin numfashi a tsaya, sannan a matsa kunama a hankali har harbin ya fita da kansa.

Bara aka ƙara wa siton sabon ɓangare, dogo sosai, aka kuma kawo sabon manaja. Tantabarun ba wawaye ba ne. Suka kwashe suka koma ƙarfen ƙarshe na sabon ɓangaren, inda tarin buhuna ya hana a matsa kusa. Daga inda mutum zai iya tsayawa zuwa can mita hamsin ne, tsohuwar bindigar Baba kuwa daga talatin ta fara sunkuyar da kai. Manajan, wani matashi mai ladabi, ya ce masa zuwa ƙarshen wata, in ba a rabu da tsuntsayen ba, zai kira masu sa raga su toshe ko'ina, kuma daga nan babu sauran buƙatar maharbi.

"Ladabin nan nasa bai kwanta min ba," in ji Baba da ya dawo gida. "Bincika za ki tarar mai ragar ɗan'uwansa ne."

"Baba, kowa ɗan'uwan wani ne," na ce.

"Ke dai kai ni shagon."

Ni ke da mota, don haka ni ce direba. Shagon na masu sayar da kayan kamun kifi da farauta ne, a saman bene, matakalarsa matsattsiya, kuma a bayansa akwai wani dogon lungu mai fitilu inda ake gwada bindiga. Mai shagon mutum ne mai ƙiba da yawan dariya, abin da tun daga ƙofa ya ɓata masa suna a wurin Baba.

Ya fara ɗauko mana mai harsashin milimita biyar da rabi. Ya ce ta fi duka da ƙarfi.

"Ɗan nan, ba saniya zan kayar ba," in ji Baba. "Mai nauyin nan kafin ya kai mita hamsin ya sunkuya ƙasa har tsawon tafin hannu. Ba ni mai huɗu da rabi. Ƙaramin ya fi tafiya miƙe."

"Iska fa tana kaɗa ƙarami, Baba," in ji mai shagon.

"A cikin sito? Wace iska? Ka taɓa shiga sito?"

Mai shagon ya yi dariya ya ce bai taɓa ba. Ya nuna masa wata mai tukunyar iska a ƙarƙashinta, ya ce ba ta girgiza in an harba, ita ce ta nisa. Baba ya juya ta, ya shinshina bakinta, ya ce shi bai yarda da iskar da bai ga shigarta ba. Ya zaɓi irin wadda ya saba da ita, mai karyewa a tsakiya, ya sa aka ɗaura mata madubin hangen nesa, ya kuma sa mai shagon ya yarda cewa in ba ta yi ba zai dawo da ita.

Kwana uku ta yi a hannunsa. Ya ce bututunta a karkace yake, ya harba goma a sito bai taɓa ko gashin tsuntsu ba. Muka mayar. Wannan karon ya haƙura ya karɓi mai tukunyar iskar. Ita kwana biyu ta yi.

"Madubin da ya ba ni hazo ne a ciki," ya ce. "Tsoho ne aka goge aka sa a sabon kwali. Yana ganin tsufa ya sa ba zan gane ba."

Na yarda da shi, ba ɓoye-ɓoye. Mutumin da bai huda rufi ba shekara ashirin da shida, in ya ce bindiga ce, bindiga ce. Ni kaɗai na hau benen nan na zazzage wa mai shagon abin da ke bakina a gaban masu sayen ƙugiya, na ce ya ji kunya, yana cutar dattijo da aikinsa ke rawa. Bawan Allah bai rama ba. Ya leƙa madubin, ya miƙo min. Na ƙi karɓa, don a lokacin faɗa na zo yi, ba dubawa ba.

Umma ce ta sa min shakka, ba da niyya ba. Tana shara ta ce in ɗauke gwangwanin biskit ɗin daga kan shiryayye, ya yi ƙura. Ƙura? Gwangwanin da ake buɗewa duk Asabar? Na zauna a bakin gado na buɗe. Takardun ƙasa, na shekarun baya, huda biyar ne a manne, kwabo ɗaya zai rufe su. Da na taho sama sai hudojin suka fara rabuwa, kaɗan kaɗan, har na zo kan wata da tafin hannuna bai rufe su ba. Ita ce ta ƙarshe, kuma kwanan watan da ke jikinta ya wuce da wata bakwai. Mutumin da ke auna harsashi ɗaya ɗaya ya daina tambayar takarda.

Sai wasu abubuwa suka dawo min. Shayin da ya zuba a gefen kofi ya ce kofin ne ya goce. Maƙwabcin da ya gaisar da sunan wani. Fitilar falo da ya sa aka canja sau biyu, wai na yanzu ba su da haske. Na rufe gwangwanin na mayar inda yake, ban ce wa kowa komai ba. Tsoro nake ji, kuma ban san wa zai iya faɗa masa cewa idonsa ne ba.

Saura kwana shida wata ya ƙare muka koma shagon a karo na uku. Mai shagon ya fito da wata sabuwa fil, ya yanke ledar a gaban Baba, ya bar shi ya zaɓi harsashi daga cikin nasa da ya auno a gida. Sannan ya ce, "Baba, yau ba ni zan harba ba, ba kai ba. Bari tebur ya harba." Ya kai mu lungun gwaji, ya ɗaure bindigar a cikin ƙarfen matsewa irin na maƙera da ke kafe a kan tebur, ya saita ta, ya taɓa kunama sau biyar. Ya je ya ciro takardar. Huda ɗaya ce mai ɗan faɗi.

Baba ya shafa ta da yatsa. "Anya kuwa? Wa ya san ko huɗun a bango suka tafi?"

"To harba da kanka."

Aka kwance bindigar, aka sa wata takardar, Baba ya zauna, ya kwantar da kunci kamar yadda na san shi, ya daɗe yana murɗa madubin gaba da baya. Ya harba biyar. Uku ne suka sami takardar, kowanne a kusurwarsa. Mai shagon ya kawo ta bai yi dariya ba, karo na farko.

Na zaci Baba zai ce teburin na rawa. Sai ya tashi daga kujerar ya ce, "Auta, zauna."

"Baba, ni rabona da bindiga shekara nawa?"

"Zauna na ce."

Na zauna. Na sa ido a madubin. Tas yake, babu hazo ko kaɗan, baƙin ɗigon yana tsaye a tsakiya kamar a gaban hancina. A nan na yanke shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce a raina in na kuskure, laifin zai koma kan bindiga, mu tafi gida da mutuncinsa. Na ja numfashi na fizgi kunamar. Na sake. Na sake.

Hannun Baba ya sauka a kafaɗata kafin na huɗu.

"Ni za ki yi wa wayo?" ya ce, a hankali. "Kina harbi kina jan numfashi. Ina jin ki. Ni na koya miki, ko wani ne?"

"Baba, na manta ne."

"Ba ki manta ba. Ɗan nan, sa mata sabuwar takarda."

Mai shagon ya je ya sa. Hawaye ya cika min ido, sai da na goge da bakin mayafi kafin in iya gani. Na fitar da rabin numfashi, na tsaya, na matsa. Sau biyar, yana tsaye a kaina yana sauraro. Da aka kawo takardar bai kai ta kusa da fuskarsa ba. Ya ɗora babban yatsansa a kan hudojin, yatsan ya rufe su duka.

Ya daɗe a haka. Ni da mai shagon muka rasa inda za mu sa idonmu.

"Ɗigon nan," ya ce daga baya, "guda ɗaya kike gani?"

"Ɗaya, Baba."

"Ni biyu nake gani, kuma duk a cikin hayaƙi." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya juya wajen mai shagon. "Ɗan nan, bindigoginka ba su da laifi. Duka ukun. Na zarge ka, 'yata ma ta zo ta zage ka a kaina. Ka yafe mana."

Mai shagon ya rikice, ya ce ba komai wallahi, ya ce yanar ido ce wataƙila, ana cirewa, kawunsa ma an yi masa yana karatu yanzu. Na jira in ji "anya kuwa". Baba ya gyaɗa kai kawai.

A kan matakala ya ce in kira manaja in ce masa ya sa ragarsa. Na ce ya bari tukuna a ga likita, ko za a ƙara masa lokaci. Ya ce a'a. Ya ce makon jiya ya harba sau goma a ƙarƙashin rufin nan bai san inda suka tafi ba, kuma jiya da aka yi ruwa bai iya barci ba, yana tunanin ko yana ɗiga a kan buhunan mutane.

Motar tana can ɗaya gefen titi. Muka tsaya a bakin hanya, rana tsaka, motoci na wucewa. Baba, wanda duk rayuwarsa sai ya duba hagu da dama sau biyu ko da fitilar hanya ta ba shi hannu, ya kama gefen hannun rigata.

"Waccan farar," ya ce, "tsaye take ko tahowa take?"

"Tsaye take, Baba. Mu je."

Ya sauko da ƙafarsa kan kwalta, bai duba ba.