Gaisuwar da Aka Haɗiye

Har yanzu ban manta da ranar da Sa'adatu ta zo awo na uku ba. Lokacin ina babbar ungozoma a wata ƙaramar asibiti a ƙasar Bungudu, damina ta yi nisa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a ranar awo muna gwada jinin mace da nauyinta, mu auna tsawon ciki, mu saurari bugun zuciyar ɗa.

Sa'adatu 'yar Furfuri ce da ke aure a garinmu, cikinta na fari, wata shida. Jininta ya hau, nauyinta bai ƙaru ba, idanunta sun faɗa. Surukarta, Inna Hajo, ita ke rako ta, kuma ita ke amsa duk tambayar da na yi.

"Tana barci?"

"Kamar gawa, Hajiya."

"Tana cin abinci?"

"Ta fi ni ci, ni da ba ni da haƙora."

Sai na ce Inna ta ɗan jira a waje. Da muka rage mu biyu, na ce, "Ɗiyata, mi ke cin ki?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Babana ya rasu."

Na yi salati, na tambaye ta yaushe. Ta ce ba ta sani ba, domin ba wanda ya faɗa mata. Wata maƙwabciya ce ta shigo gidansu tun kafin shuka, ta fara cewa "Ya haƙu...", sai Inna ta yi tari, matar ta juya ta ce, "Ya nauyin jiki?" Tun daga nan ta gane. In ta nemi babanta a waya, sai a ce yana gona. Kunyar surukai ta hana ta tambaya. Ba ta yi kuka a fili ba, ba ta karɓi gaisuwa ba.

A wajenmu ana ɓoye wa mai ciki mummunan labari don kada ciki ya girgiza. Niyyar mai kyau ce. Amma abin da aka koya mana shi ne, damuwar da ta daɗe ba ta tsaya a zuciyar uwa kaɗai. Jiki na fitar da wani sinadari lokacin tashin hankali, wani ɓangarensa na kaiwa ga ɗa, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. Ba kowace damuwa ke illa ba, amma ta watanni, da rashin barci da rashin ci, abin tsoro ce.

Na kira Inna. Na ce mata ƙwaƙwalwar jikanta yanzu kamar rubutun allo ce da bai bushe ba, kuma yarinyar nan ta sani tuntuni.

Ta ce, "Don ɗan munka ɓoye, Hajiya."

Na ce, "Don ɗan za ki faɗa."

Inna ta aje lemar da ke hannunta, ta durƙusa gaban surukarta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Sa'a, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam."

Na rufe ƙofa, na bar su suka yi kukansu. Masu jiran layi suka yi ta ƙorafi.

Washegari aka kai ta Furfuri wajen mahaifiyarta. Na ba ta magani, na sa ta riƙa dawowa akai-akai. Jinin ya sauka a hankali, ta haifi namiji lafiya. Ba zan ce ga abin da ya kuɓutar da shi ba, Allah ne masani.

Abin da nake gaya wa ƙananan ma'aikata shi ne, mutanenmu sun iya kare juna da shiru, har shirun ya zama ciwo. In jinin mai ciki ya hau, ku ba da magani, amma ku fitar da 'yar rakiya kafin ku yi tambaya.