Iyatu da Wuƙaƙen Mahauta

Iyatu ba ta iya zama. Tun muna 'yan mata a unguwar Pumpumre ta garin Garwa haka take: ko gaisuwar mutuwa ta je, kafin a shafa addu'a ta miƙe ta kama wanke-wanken gidan. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha gaya mata cewa ƙafafunta za su kai ƙararta ranar lahira. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure, ita kuma tana sayar da romon ƙafar sa a bakin titi.

Gidansu gidan fawa ne tun kakansu da ya zo Garwa daga wajen Kano. Ƙanenta Abdulƙarim, mai kiranta Adda, shi ya gaji teburin ubansu a kasuwa, ya gaji wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. Shi ke ajiye mata ƙafafun da take dafawa.

Wata rana ya sayi bijimi a hannun wani da ya zo daga Tuboro. Ya saya yadda aka saba, aka tafa hannu, dillali ya shaida. Ashe bijimin na sata ne. Dillali ya ɓace, jandarmomi suka tare Abdulƙarim a hanyar mayanka da kayan aikinsa a jiki, suka tafi da shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, alƙali bai ko ga fuskarsa ba.

Wanda ba shi da kowa a ciki bai san abin da ake kira gidan yari ba. Ɗakin da aka gina don 'yan mutane kaɗan an cusa masa jama'ar unguwa guda, ga zafin Garwa. Abdulƙarim ya ce a zaune suke kwana, gwiwa a ƙirji. Abincin ciki kuwa ba ya riƙe babban mutum, don haka kullum Iyatu takan tuƙa tuwon dawa, ta yi miyar yakuwa, ta hau moto, wato babur ɗin haya, ta je ta bi layi, gandiroba ya caccaka tuwon da tsinke kafin ya wuce da shi. Da ƙafafun Abdulƙarim suka fara kumbura har silifa ta daina shiga, sai ɗan hankalin da ya rage wa Iyatu ya tashi. Ta ce mini in bai fito ba kafin zafi mai zuwa, gawarsa za a ɗauko.

A layin nan ta haɗu da Madam Arlette, 'yar wata ƙaramar jam'iyya ta masu cewa talaka ne gaba da komai. Ba su da mulki, ba su da ko mota mai kyau, amma suna da matsaya ɗaya da suke ta maimaitawa: gidan yari ya cika ya batse, a saki duk wanda bai taɓa lafiyar kowa ba, bai ɗauki makami ba. Suna kuma da lauya, Metir Émile, mai tsaya wa irin waɗannan kyauta. Arlette ta saurari labarin bijimi tana gyaɗa kai, sannan ta tambaya ko an same shi da wani makami lokacin da aka kama shi, ko da wuƙa ce.

"Wuƙa?" in ji Iyatu, har da ɗaga kai. "Madam, mahauci ne fa, ɗan mahauci! Tsirara kike so ya fita? Tana ƙugunsa, ta babanmu, ko gashi kika ɗora mata sai ya rabu biyu."

Arlette ta ce abokan hamayyarsu sun riga sun cika gari da cewa 'yan fashi da masu satar mutane suke so a saki. Mai wuƙa a ƙugu, Metir ba zai taɓa maganarsa ba.

Ranar Iyatu ta dawo kamar ta ci babu. Ta ƙona miya, ta share tsakar gida sau ba adadi, ta leƙo ta katanga tana tambayata wane irin mutum ne bai san mahauci da wuƙa ba. Ni ma raina ya ɓaci, don nama kowa na ci, amma ba mai son tuna yadda aka yanka shi.

Da safe ta tafi wajen Sarkin Fawa Ishaku. Dabararta mai sauƙi ce: a je a nuna wa 'yan boko da idonsu cewa kowane mahauci haka yake yawo. Sarkin Fawa ya ce magana ce mai kyau. Da nama ya ƙare bayan azahar, suka taso daga kasuwa su da yawa, riguna duk jini, kowa da kubensa a ƙugu, Iyatu a gaba da robar tuwonta a ka. Na bi su, don ba na son a ba ni labari.

Ko a cikinmu babu wanda ya yi tunanin yadda abin zai zama a idon mutane. Mai lemu da ke ƙofar ofishin jam'iyyar ta bar tirenta ta ruga. Masu moto suka juya. Metir Émile ya leƙo, ya maida ƙofa ya danna sakata, muka ji muryarsa ta taga yana tambaya cikin Faransanci me suka yi mana. Mahauta suka tsaya suna kallon juna, su da suka zo neman alfarma.

Iyatu ta sauke robar, ta cire kwanon tuwo ta miƙo mini, ta dire robar a ƙasa.

"Ku zuba," ta ce.

Ba wanda ya motsa. Mahauci ba ya ba da wuƙarsa aro ko ga ɗan'uwansa, balle ya jefa ta a robar mace a tsakiyar titi.

"Baba Sarki," ta ce, "ƙafafunsa sun zama kamar turmi. Don Allah."

Tsohon ya kwance kubensa ya sa a robar a hankali, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Suka tsaya hannu na neman abin kamawa, na ji tausayinsu ya kama ni. Arlette ce ta zare sakatar. Metir ya fito yana share zufa, ya saurare su, ya tambaya ko za su faɗi haka gaban alƙali.

"Za mu je duka," in ji Sarkin Fawa.

"Amma ba da wuƙa ba, Baba," in ji Arlette.

Suka je. Kafin zafi ya kankama aka ba da belin Abdulƙarim, wuƙar ubansu dai ta zauna a kotu. Ya fito yana jan ƙafa, hannunsa na yawan zuwa ƙugu yana dawowa.

Na ɗauka yanzu Iyatu za ta zauna. Washegari ta tuƙa masa tuwo mai laushi ta ajiye a gabansa. Ya ɗebi loma ɗaya ya tsaya.

"Adda," ya ce, "kwanon nan da kike kawowa ba ni kaɗai nake ci ba. Akwai wani tsoho daga Figil da aka kama kan akuya, da wasu biyu. Ba mai zuwa wajensu. Yanzu haka suna kallon ƙofa."

Iyatu ta zage shi, ta ce shi ya sa ya rame kamar kara ita tana ta wahalar banza. Tana zagin tana hawaye tana hura wuta. Ta leƙo ta katanga ta ce in ara mata babbar tukunyata, kuma in yi sauri, kada a rufe layin gidan yari.