Tumakin da Kawu Sallau Ya Kusa Kora

Wata rana na raka kawuna, Sallau, wani fili da ya gada a bayan gari.

Bawan Allah nan ya dasa darbejiya da gawo, ya zagaye su da waya. Ko kaza bai yarda ta leƙa ba.

Amma sau biyu wuta tana lashe masa su. Masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta, ita kuma ta bi busasshiyar ciyawa har gindin bishiya.

Wannan dashe na uku ne. Ya rantse in aka sake, ya bar shuka ke nan har abada.

Muna isa sai ga wata dattijuwa a bakin waya da tumakinta. Ƙanana, ramammu, irin waɗanda ko kara suka samu za su rayu. Wallahi ni ma raina su na yi.

Kawu ya hau faɗa:

"Inna, ki ja su can! Da ƙyar na raya itatuwan nan."

Ta dubi ciyawar da ta kai ƙugu, ta ce:

"Ɗana, akuya ce mai ɗaga kai ta ci ganye. Tunkiya kanta a ƙasa yake. Ka hana dabba ciyawa, ka tara wa wuta abinci."

Kawu ya juya ya dubi ciyawar.

Ni kam na ce a raina, yau mai taurin kai ya gamu da daidai shi.

Washegari ya kewaye ƙananan dashen da ƙaya, ya buɗe ƙofa. Sati uku tumakin na kiwo. Suka share ciyawar tas, suka bar masa taki.

Da rani ya tsaya, aka sake cinna wuta. Kawu ya ruga da ɗanyen reshe a hannu, yana salati.

Wutar ta zo har bakin waya. Ta rasa abin kamawa, ta mutu.

Ko bishiya ɗaya ba ta ƙone ba. Ranar na fara ganin hawayen kawuna, ni ma sai da na share nawa.

Darasi: Kulle abu ba shi ne kula da shi ba. Kafin ka kori wanda ka raina, tsaya ka ji me ya sani.

Tura wa wancan ɗan'uwan naka mai taurin kai, ka san shi ai.