Cikin da Takarda Ba Ta Gani Ba

Kwanana goma sha tara da haihuwa, na fito daga wankan safe jikina yana tururi kamar dankalin da aka sauke daga wuta, na ɗauki waya in ga ko maigidana ya kira. Bai kira ba. Abin da na gani layi ɗaya ne: an cire ni daga rukunin hirar ma'aikatan ofishinmu. Na zauna a bakin katifa, duk zafin ruwan da Inna ta kwarara mini ya fita, sanyi ya kama ni tun daga tafin ƙafa.

Ni ce mai buga takardu a wani kamfanin manyan motoci a Garwa, masu kai kaya Ngawundere. Da takardar sakandare na samu aikin, bayan shekara biyu ina yawon nema. Da aka zo maganar aure, dangin mijina suka ce in ci gaba tunda an tarar da ni a kai, amma ranar da ya ƙare, ya ƙare, ba za a nemi wani ba. Saboda haka kujerar nan ita kaɗai ce tawa.

Na kira shef ɗinmu, mai kula da ma'aikata, mutumin kudu ne mai son hatimi kamar ransa. Na ce masa ina Yagwa wajen mahaifiyata, na haihu.

Ya ce, da Faransanci, yana nufin fayil ɗina na aiki, "Madam, a dosiyenki babu ciki."

Na ce ai wata tara yana ganina.

"Ni na gani. Dosiye bai gani ba. Abin da ya gani shi ne ma'aikaciya ta bar aiki ba izini. Ki zo kafin Juma'a ta wuce, ko mu rufe shi."

Laifina ne, ban musa ba. Doka ta ba ni hutun mako goma sha huɗu, na sani, na ma buga wa wata wannan takardar da hannuna. Amma sai ki je gaban namiji ki ajiye masa shaidar likita cewa kina da ciki. Cikin fari kuma. A gidanmu ko Inna ban faɗa wa da baki ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai ta fara aiko mini da tsamiya. Na ƙara faɗin hijabi, direbobinmu suka riƙa kawar da kai suna matso mini da kujera, kowa ya sani, kowa ya yi shiru, haka mutunci yake. Da lokaci ya yi na ce wa shef zan je gida. Ya ce to. Shi a zatonsa Litinin zan dawo.

Inna ta ce ba inda za ni. Mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, in iska ta shige ni shef ne zai yi jinyata? Na yi kuka har jaririyar ta kama. Don in huce na tura wa 'yar kawuna da ke aure a Suwidin saƙon murya, ita kuwa ta dawo mini da abin da ya ƙara mini ciwo. Wai a can hutun ya fi shekara, ana raba shi tsakanin mata da miji, mijinta ma yanzu haka yana gida da yaro a ƙirji, ita ta koma aiki.

Inna ta ajiye ludayin kunun kanwa. "Namijin ne ke jego? Shi ma ruwan zafin ake yi masa?"

Na ce a'a, reno kawai.

"To ba hutu ba ne, zaman banza ne."

'Yar kawun ta ƙara da cewa in gode wa Allah, a Amurka wasu matan ko hutu mai albashi ba su da shi. Inna ta ce, "Amurkar da ake sayar da gona a tafi? Allah ya kyauta."

Nawa mijin kwana uku aka ba shi. Na farko ya tafi a hanya, na biyu a kasuwar raguna, na uku ya shigo ɗakin, ya gaishe da Inna yana kallon bango, don kada a ce ya ƙura wa 'yar fari ido, ya koma Garwa. Suna ranar bakwai ne, amma wanda ya rubuta dokar da alama ba a taɓa gayyatarsa suna ba. Ragon ya halarta, uban bai samu zuwa ba.

Ranar Laraba na daina cin abinci. Ranar Alhamis da safe na ga Inna tana ɗaure kaya. Ta naɗe ni da zane biyu da rigar sanyi da safa, ta toshe mini kunne da auduga, a cikin zafin da kwalta ke narkewa. Ta cika fulas biyu da ruwan zafi. A mota duk wanda ya buɗe taga sai ta rufe. Ni kuwa a kowane rami na hanya sai in ji ɗinkina, in ji kuma muryar surukata tana cewa dama mun faɗa.

Juma'a muka shiga ofis. A kujerata na tarar da wata yarinya mai ƙumba ja tana buga takarda da yatsa biyu. Muka wuce wajen shef.

Shef ya dubi jaririyar da ke hannun Inna, ya ce kyakkyawa ce, Allah ya raya. Sannan ya ce, "Amma ina shaidar ciki?"

Inna ba ta jin Faransanci, ni ce tafinta. Na faɗa mata.

"Ce masa wannan da ke hannuna a kasuwar Yagwa na sayo ta."

Na ce masa mahaifiyata tana gaisuwa.

Ya ce jaririya shaidar haihuwa ce, ba shaidar ciki ba. Dole ciki ya fara shiga dosiye, sannan haihuwa ta biyo baya, ba a tsallake mataki. Yana buƙatar takarda mai kwanan wata tun kafin in tafi. Ba ni da ita. Nono ya zubo ya jiƙa mini riga, na ja hijabi na rufe.

Inna ta ce, "Me yake nema ne wai?"

Na ce takarda mai hatimi, ta lokacin ciki.

"Irin ɗan littafin nan na awo?"

Katin awona ne na asibiti. Tun ranar da na isa Yagwa ta karɓe shi ta ɓoye, wai bai kamata ido ya gan shi ba, ni har na manta da shi. Ta juya baya, ta kwance bakin zane, ta fito da shi a cikin leda uku, yana ƙamshin turaren wuta. Ta miƙa mini tana kallon gefe. "Ba shi. Amma ce masa kada ya karanta da ƙarfi."

Shef ya buɗe. Kowane shafi da hatimin ungozoma, da sa hannu, da kwanan wata. Na ga fuskarsa ta saki kamar ya haɗu da 'yan garinsu. Ya shafa hatimin da yatsa, ya ɗaga shafin sama wajen haske, ya sa aka kwafe, ya ɗauko nasa hatimin ya huhhura masa iska ya buga.

Ya ce, "Madam, yanzu kina da ciki."

Ban fassara wa Inna wannan ba.

Ya jawo takardar haihuwa da na ajiye masa tun shigowarmu, ya dube ta kamar yanzu ta iso, ya buga mata nata. "Yanzu kuma kin haihu. Barka."

Har yau na kasa daina ajiye kowace takarda a leda uku. Amma ina tuna agogon bangon ofishin, sha biyu saura kwata, direbobi sun fara alwalar Juma'a a tsakar gida. Na tambaye shi, kujerata fa?

Ya rufe dosiyen ya ce, "Doka ta hana a kori mace tana hutun haihuwa. Wannan yarinyar riƙo take yi. Ki je ki ƙarasa hutunki, kujerarki tana nan."

Na faɗa wa Inna. Ta gyara mini audugar kunne, ta ce, "To tashi, ruwa na hucewa."