Sunan 'Yata a Bakin Ubanta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a gidan su maigidana a wani ƙauye bayan kamfanonin Challawa, akwai abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Tsoro nake kada 'yata ta girma tana zaton ubanta ba ya sonta.

Ita ce 'yar fari, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ranar sunanta tun da sassafe ya bar gidan, sai da taro ya watse ya dawo. Bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In ya kama dole sai ya ce “yarinyar nan”, ko ya ce “ke” yana kallon wani wajen. In ya sayo alawa 'ya'yan yayansa yake miƙa wa ya ce a raba, amma ni na lura kullum sai ya ƙaro ɗaya a kan adadinsu. Ni ma ba na kiran sunan, sai dai ni ke mata wanka, ni ke goya ta, a cinyata take barci. Ni ba ta da shakka a kaina. Shi ne dai.

A kamfanin fata yake aiki, da keke yake zuwa. Kullum da safe in zai fita sai yaran gidan su yi masa caa a soro. Ya ɗora ɗaya a ƙarfen gaba, ɗaya a kariya, ya kai su bakin kwalbati ya sauke, su dawo a guje suna ihu. Ita kuwa tana tsaye jikin ƙyaure, yatsa a baki. Wata rana ina tankaɗe ta zo ta zauna kusa da ni, lokacin ba ta fi shekara biyar ba, ta ce, “Umma, ni nauyi ne da ni?”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

Ta ce, “To ai Baba ba ya ɗora ni a keke.”

Sai na ce ta miƙo min rariya, alhali rariyar tana hannuna.

Ga kuma tari. Tun wajen azumin shekarar ya fara shi, irin busasshen nan mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. In na yi magana sai ya ce warin jima ne, kowa a wajen aikinsu yana yi. Amma ni ke wanke kayansa, na ga ya ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙusa. Sai tsorona ya zama biyu a haɗe: in wani abu ya same shi, da me yarinyar nan za ta tuna shi?

Ana cikin haka aka tsayar da aiki a kamfaninsu na 'yan kwanaki za a gyara injina. Abokan aikinsa suka haɗu suka ɗauki shatar bas za su Yankari da iyalansu, a kwana ɗaya a dawo. Da ya ce min da mu za a je, na ɗauka zolaya ce. Mutumin da ko kasuwa ba ya zuwa da mu? Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ce, “Daji? Me aka ajiye muku a daji? Mutane na gudun namun dawa ku kuna biyan mota ku kai musu kanku.” Ya yi murmushi kawai ya ce, “Inna, a sa mana albarka.”

Ni dai ban taɓa wuce Na'ibawa ba a lokacin. Kayan da na haɗa sai ka ce ƙaura za mu yi: tukunya, kuka, daddawa, gidan sauro, maganin zazzaɓi, har da guntun taɓarya don ko zaki zai leƙo. Shi kuma ya dage sai an ɗaure kekensa a saman mota. Wani abokinsa mai barkwanci ya ce, “Malam, giwa za ka yi wa acaɓa?” Aka yi ta dariya. Ya ce, “Ku dai ku ɗaure min da kyau.” A hanya duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har na koma maimaita Ƙulhuwallahu, matar da ke gefena ta ce, “Baiwar Allah, ki rage mana wasu mu ma mu samu na karantawa.”

Da la'asar muka isa. Ko gama sauke kaya ba mu yi ba wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya fizge ledar burodi a hannuna, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallona kamar ni ce baƙuwar da ba ta da kunya. Taɓaryar tana can ƙasan buhu. 'Yata ta yi dariya har da faɗuwa. Na saci kallon ubanta, na ga ita yake kallo, yana ganin na gan shi ya juya.

Washegari da safe aka kawo motar da ke shiga da mutane cikin daji kallon giwaye, irin buɗaɗɗiyar nan. Ina ganin ba ta da gilashi na ce wallahi ba inda za ni, kuma 'yata ma ba ta zuwa. Aka yi lallashi, aka yi tsiya, na kafe. Sai maigidana ya ce shi ma ƙura za ta tayar masa da tari, su je kawai. Motar ta tafi da kowa. Sai da ƙararta ta ɓace sannan na ankara da wani abu: tunda aka haifi yarinyar nan ba mu taɓa zama mu uku kaɗai ba, babu Inna, babu facala, babu wani wanda ya san mu.

Ya jawo keken daga jikin bango. Ya duba dama, ya duba hagu, kamar mai shirin sata. Sannan ya ce, “Ke, zo.”

Yarinyar ta waiwaya bayanta ta ga wa ake kira.

Wannan waiwayen har gobe yana idona. Shi ma ya gani. Sai kawai na ji ya kira sunanta. A hankali ya faɗe shi, da nauyi, kamar mai ɗaga tulu cike da ruwa. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, sai na ji kamar sabon suna ne aka raɗa mata yanzu. Ita kuwa ni ta kalla. Na ce, “Ba ki ji ana kiranki ba?” Ta tafi tana jan ƙafa. Ya sunkuya ya ɗaga ta ya ɗora a ƙarfen gaba, ya cire hularsa ya ninke ya sa mata a ƙasa don kada ƙarfen ya dame ta.

“Baba, ina da nauyi?”

“Ke? Ai auduga ta fi ki nauyi. Riƙe nan da kyau.”

Suka yi ta zagaya tsakanin ɗakunan baƙi, ni ina zaune a kan dakali ina kallo. Ya nuna mata ƙararrawa, ta yi ta kaɗawa har wani mugun dawa da ke kiwo a gefen hanya ya ɗaga jela ya zura da gudu. Duk sanda suka wuce ta gabana sai na ji yana kiran sunan, ko babu dalili. Kalli tsuntsu, wance. Ɗaga ƙafarki, wance. Kamar mai biyan sallolin da suka wuce shi.

Amma na lura bayan ɗan zagaye kaɗan sai ya tsaya, ya sauke ta, ya tsuguna ya ce bari ya duba sarƙa. Ya juya mata baya, kafaɗunsa suna sama suna ƙasa. In ya miƙe sai na kalli hannunsa, ba ko ɗigon baƙin mai. Sarƙar lafiyarta ƙalau.

Daga nan ya ce mu taka mu je mu ga ruwan ɗumin da ake ta labari. Matattakala ce doguwa ake sauka, bishiyoyi sun rufe ta. Ya ɗora ta a wuya, tana riƙe da kunnuwansa. Ruwan garai-garai, kana ganin yashin ƙasa, ga ɗumi kamar an sirka. Ya naɗe wando ya shiga da ita gefe-gefe, ya wanke mata fuska, ta watsa masa, ya rama. Ni da na zo da tsoron kada, sai ga ni na tsoma ƙafa har idon sawu.

Hawowa ce ta tona asiri. Ba mu yi rabi ba ya zauna a kan matattakala. Tarin ya zo masa mai tsawo, ya sa hankici a baki, ya yi sauri ya dunƙule. Amma na riga na ga ja. Ya aiki yarinyar ta tsinko masa wani fure can gaba kaɗan.

Ya ce, “Kin gani ko?”

Na ce, “Na gani, Malam. Tun yaushe?”

“An ɗan jima.”

“Shi ya sa ka ce a ɗauro keken?”

Ya cusa hankicin a aljihu. Can ya ce, “A gida ba zan iya ba. Kin san Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ga shi har ya yi furfura. Ni ne zan fara a gabanta?” Ya numfasa. “Kar ki gaya wa Inna tukuna. In mun koma zan je asibiti.”

Yarinyar ta dawo da furen ta same shi a zaune. Ta ce, “Baba, ka gaji? Kawo hannu in ja ka.” Ya ba ta. Haka muka hau, tana gaba tana nishi wai ita ke jan sa, ni ina baya na sa tafin hannu a bayansa ba tare da ta gani ba. Muna kaiwa sama muka jiyo ƙarar motar 'yan kallon giwa tana dawowa. Ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya karɓi hularsa a hannuna ya sa.

Safiyar da ya koma aiki, yaran gida suka yi masa caa a soro kamar kullum. Wannan karon ita ce a gaba, ta riga kowa kama ƙarfen keken. Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ga yayansa a tsaye yana asuwaki. Ina leƙe ta labule. Ya kalli Inna, ya kalli ƙasa, ya ce, “Ke, koma ciki.” Ya ɗora ɗan yayansa ya fita.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi. Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce, “Umma, Baba a daji kawai ya san sunana?”

Na jawo ta jikina na ce, “Ya sani a ko'ina. Kunya yake ji.”

“Kunyar me?”

Wannan kam har yau ban samo amsar da yaro zai gane ba.

Ya je asibitin. Likita ya yi bayani mai tsawo, rabi da Turanci, abin da na tsinta shi ne huhu, da kuma an makara. Kafin damina ta tsaya ya daina zuwa aiki. Murya ta fara dushewa, ta koma raɗa, daga baya raɗar ma ta ɗauke. Yarinyar takan tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana leƙensa, ba ta shiga, don Inna kusan kullum tana ciki tana yi masa fifita.

Wata ranar Laraba da hantsi, Inna ta daɗe tana kallon yarinyar a bakin ƙofa. Sai ta ajiye maficin, ta tashi da kanta ta kamo hannunta ta zaunar da ita a kan shimfiɗarsa, jikin ƙirjinsa. Ta ce, “Bari in je in duba wutar can.” Ba a ɗora komai a wuta ba ranar. Ta fita ta ja mana labule.

Ya ɗora hannu a kanta. Ya buɗe baki, leɓɓansa suka motsa, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa. Ni na juya fuskata bango. Sai na ji yarinyar ta ce, “Na'am, Baba.”

Ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Yanzu ta zama budurwa, tana sakandare, mun koma gidan mahaifiyata a Sharaɗa. Ba na zagin al'ada, a cikinta na tashi, kuma Inna ba muguwa ba ce, ita ma haka aka yi mata. Ni kaina da nake rubuta wannan, in da mutane a wajen, sunan nauyi yake min a harshe, sai dai in ce “ke”. Amma in mun rage mu biyu ina kira, ko babu dalili. Wani lokacin takan ce, “Umma, lafiya? Ga ni ai a gabanki.” Sai in ce lafiya lau. Abin da ke ɗan sanyaya min rai shi ne ba ta taɓa sake tambayata ko yana sonta ba. Abin da ke ci min rai kuma shi ne safiya ɗaya tak ta samu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi wa maigidana addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya sa ciwon ya zama kaffara. In kuma kana da ɗan fari, kunya ta hana ka, ka samu inda ba kowa, ko bayan gida ne, ka kira sunansa ya ji tun kana da murya.